Kwasar sharar gida a Ingila

Kwasar sharar gida a Ingila aiki ne da doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi. Dokar kare muhalli ta 1990 ta wajabta musu kwashe sharar kowane gida, ba tare da an karɓi kuɗi a bakin ƙofa ba. Kuɗin aikin na fitowa ne daga harajin gidaje da kason da gwamnatin tsakiya ke bayarwa. Hukuma kuma tana da ikon faɗa wa magidanci irin mazubin da zai ajiye da abin da zai zuba a ciki. A yankuna da dama an raba aikin biyu: hukumar gunduma ta kwashe, ta lardi ta san inda za a kai.

Asali

A farkon ƙarni na 19, akasarin sharar Landan tokar kwal ce, kuma tana da kasuwa. ’Yan kwangila har biya suke yi a ba su izinin kwasarta, su tara a fili, mata su tankaɗe, a sayar wa masu yin bulo da manoma. Wanda ya san yadda ake kai takin juji daga birnin Kano zuwa gonakin kewaye a kan jaki ba zai yi mamaki ba. Da darajar toka ta faɗi, birane suka cika, cututtuka suka yawaita, sai hukuma ta shigo. A 1874 aka gina tandar ƙona shara ta farko a Nottingham. Dokar lafiyar jama’a ta 1875 kuma ta sa kowane gida ya tanadi mazubin da za a iya ɗauka, hukuma ta riƙa zuwa tana juyewa.

Yadda ake yi yau

Yawancin gidaje na da manyan mazuban roba masu taya, biyu ko uku. Ɗaya na abin da za a sake sarrafawa ne, wato takarda da kwali da gwangwani da kwalabe da robobi. Ɗaya na sauran tarkace. Magidanci kan tura su bakin titi da daddare, mota ta zo da sassafe. Hukumomi da yawa sun koma zuwan karɓa-karɓa: wannan mako tarkace, mako mai zuwa kayan sarrafawa. Ciyawa da ganyen lambu, da manyan kaya irin su katifa da firiji, galibi sai an biya daban.

Launin mazubi ba shi da ƙa’ida. Abin da kore ke nufi a wannan gari, shuɗi ke nufinsa a maƙwabta, kuma robar da wata hukuma ke karɓa wata ba ta so. Wannan ruɗani na cikin abin da ke sa a jefa kunzugun jariri ko kwali mai maiƙo cikin kaya masu tsabta, a ɓata lodi guda.

Abin da ya juya lamarin

Ba wa’azi ne ya rage binne shara ba, haraji ne. A 1996 aka sa fam 7 a kan kowane tan da aka kai ramin binnewa. Yanzu ya haura fam 100. Dokar 2003 ta ƙara da cewa kafin ƙarshen 2010 kowace hukuma ta riƙa karɓar aƙalla nau’i biyu na kayan sarrafawa daga gidaje. Abin da ake sarrafawa ya tashi daga kusan kashi 11 cikin ɗari a 2000 zuwa wajen kashi 44, sai dai ya cije a nan sama da shekara goma, alhali maƙwabciyarta Wales ta kai kusan biyu bisa uku. Yawancin ragowar yanzu ƙonawa ake yi a samar da lantarki. Sabon tsarin gwamnati ya sa 31 ga Maris 2026 a matsayin ranar da hukumomin Ingila za su koma karɓar nau’o’in kaya iri ɗaya, har da ragowar abinci kowane mako, wanda ake ruɓarwa a samu iskar gas da taki.

Yajin aiki

A hunturun 1978 zuwa 1979 masu kwasar shara sun ajiye aiki, har dandalin Leicester da ke tsakiyar Landan ya zama juji. A Maris 2025 ma’aikatan Birmingham suka tsunduma yajin sai-baba-ta-gani kan albashi da soke wani muƙami. Kafin watan ya ƙare, hukumar birnin ta ayyana halin gaggawa, da kimanin tan 17,000 na shara jibge a tituna.