Sunan wani, jirgin wani: ku karanta kafin ku sake kirana

Ni mai yankan tikitin jirgi ne a nan Sakkwato, tun zamanin da ake rubuta tikiti da biro a kan takarda mai jan kabon. Kwanakin baya wani dattijo cikin masu ciniki da mu ya dawo daga wajen ɗansa a Turai, ko gajiya bai sauke ba ya zo ya dire mini tikiti a tebur, ya ce, "Malam, wanga jirgi da munka shiga ba shi na munka biya ba." Na duba, na ce Baba, shi ne. Fenti da tambari da kayan ma'aikata duk na kamfanin da ya sani ne, sai dai jirgin ƙarami ne mai farfela, kuma kusa da ƙofa an rubuta sunan wani kamfani daban da ƙananan baƙaƙe. Ya kai labarin majalisa, tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Abin da ya gani shi ake kira hayar suna. Ga tambayoyin da ake ta yi mini da amsoshinsu nan a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mece ce hayar suna a harkar jirage?

Ƙaramin kamfani mai jiragensa da matuƙansa da lasisinsa ya ɗauki sunan babban kamfani ya yi aiki da shi, yana biya. Kamar gidan man da ke ɗauke da tambarin babban kamfani alhali kowa a unguwa ya san na Alhaji wane ne.

Wato damfara ce ke nan?

A'a. An rubuta a tikitinka, kai ne ba ka karanta ba. Nemi kalmomin nan biyu na Turanci, "operated by". Sunan da ya biyo bayansu shi ne mai jirgin.

Wa ke biyan wa?

Ƙaramin ne ke biyan babban, ladan suna da na shiga rumbun sayar da tikitinsa. Idan kujeru sun cika ribar ta ƙaramin ce, idan jirgi ya tashi wayam shi ya ji a jikinsa. Kada a haɗa shi da tsarin Amurka, inda manya irin su Delta da United ke sayen dukkan kujerun ƙaramin kamfani kamar SkyWest su biya shi kuɗin tashi ko da fasinja ko babu. Can ɗan ƙwadago ne, nan ɗan kasuwa ne da ya ari riga.

Farin jirgin nan da babu suna a jikinsa, mai ma'aikata Turawa, da muke shiga wani lokaci zuwa Abuja ko lokacin aikin Hajji, shi ne wannan?

Ba shi ba ne. Wannan hayar jirgi ce da matuƙansa, ta ɗan lokaci, idan jiragen kamfani sun yi masa kaɗan. Can jirgi aka aro, nan suna aka aro. Sau nawa zan faɗa?

Me ya haɗa kamfanonin araha da wannan harka?

Kamfanin araha na gaskiya rowa ce jarinsa, kuma ba zagi na yi ba. Jirgi iri ɗaya yake saye don kada ya tara kanikawa da kayan gyara kala-kala, ya cusa kujeru, ya sauke fasinja ya kwashi wasu cikin kamar rabin awa. Boeing 737-800 na Ryanair kujera 189 ne. Irin wannan jirgi ba zai je garin da fasinja arba'in ne ke jiran sa ba. Ƙaramin kamfani kuwa yana da jirgin da ya dace da garin, mai kujera 34 kamar Saab 340 ko kamar 70 irin ATR 72, amma ba wanda ya san sunansa a nesa, ba shi da kuɗin talla. Sai a haɗu: wannan ya kawo suna da masu saye, wancan ya kawo jirgi da sanin hanya.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Flybe da Loganair a Birtaniya. Loganair kamfanin Sukotlan ne mai zirga-zirga tsakanin tsibirai, har da Barra inda jirgi ke sauka a kan rairayin bakin teku sai an duba ko ruwa ya janye. Daga 1994 zuwa 2008 da sunan British Airways yake tashi. Daga 2008 ya koma sanye da rigar Flybe, kamfanin da ke tallata kansa a matsayin mai araha na ƙananan hanyoyi. A 2017 suka ɓata a kan sharuɗɗa, Loganair ya tuɓe rigar ya koma sunansa, Flybe kuma ya ɗauko wani ƙaramin kamfani, Eastern Airways, ya zuba shi a wasu hanyoyin don su yi gogayya. Aka yi ta karya farashi, kowa ya yi asara. A watan Maris na 2020 Flybe ya durƙushe, Loganair ɗin da ake gani ƙarami shi ya kwashe da yawa daga hanyoyinsa.

Amma a lura, manyan masu arahar ba su cika son abin ba. Da easyJet ya sayi GB Airways, wanda shi ma da sunan British Airways yake tashi, a 2008 ya haɗiye shi gaba ɗaya, bai bar shi da wata hayar suna ba. Abin da wasunsu ke yi shi ne kai sunan ƙetare, don dokokin ƙasashe da yawa sun hana baƙo mallakar rinjaye a kamfanin jirgi. Shi ya sa ake da AirAsia ta Malesiya, da ta Tailan, da ta Indunusiya: suna ɗaya, fenti ɗaya, lasisi daban-daban.

Jirgi mai farfela ba tsohon yayi ba ne? Ni tsoro nake ji.

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Injinsa na zamani ne, ana ƙera sababbi har gobe, kuma a gajeriyar tafiya ya fi shan mai kaɗan. Ƙara ce ta ɗan fi yawa. Lafiyar jirgi tana wuyan mai lasisin da hukumar ƙasarsa, ba fentin ba, kuma mai suna yakan turo masu bincikensa don ba ya son a ɓata masa suna.

Za a ba ni abinci?

Ka biya kuɗin araha kana neman shinkafa da kaza? Ci ka ƙoshi a gida.

An soke tashi, ko jakata ta ɓata, ko kamfanin ya rushe da kuɗina. Wa zan riƙe, mai suna ko mai jirgi ko kai da ka sayar mini?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ita ce ba a yi sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amsar ta danganta, kuma duk wanda ya ba ka ita a kalma ɗaya bai taɓa bin kuɗin fasinja ba.

Fara da ni, tunda ni ne kusa, ni ake zuwa a yi wa tsaye a ka. Ni dillali ne. Kuɗinka ba ya kwana a aljihuna, yana wucewa. Zan rubuta, zan bi, zan yi ta kira, amma sai sun sako zan ba ka.

Sai ka duba wa ya fitar da tikitin. Tikiti na ƙa'ida lamba 13 gare shi, ukun farko su ne shaidar kamfanin da ya karɓi kuɗin; na British Airways, misali, da 125 yake farawa. A galibin hayar suna lambar mai suna ce a kai, don haka maganar mayar da kuɗi ko sauya rana daga wajensa take farawa. Na ce galibi. Wasu masu araha ba su da wannan lambar sam, 'yan baƙaƙe shida kawai za su turo maka, to nan sai a koma ga sharuɗɗan da ka danna "na yarda" ba ka karanta ba.

Diyyar jinkiri kuma wata hanya ce daban. A Tarayyar Turai, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta ɗora diyyar a kan wanda ya tuƙa jirgin, daga Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, kuma ba a biya idan abin da ya jawo ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. A gida Najeriya hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama na da nata ƙa'idojin kare fasinja da jami'an karɓar koke, amma nan ma idan hazon hunturu ne ya rufe filin Sultan Abubakar III, kamar yadda yake yi mana a Disamba da Janairu, kada ka sa rai da diyya. Abin da za ka nema shi ne a sauya maka rana ko a mayar maka da kuɗinka.

Jaka ta fi sauƙi a takarda, ta fi wuya a aikace. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ta ba ka damar bin wanda ka yi ciniki da shi ko wanda ya ɗauke ka, duk wanda ka ga dama. Sai dai akwai wa'adi: jakar da ta lalace, koke a rubuce cikin kwana 7, wadda ta makara, cikin kwana 21 daga ranar da ta iso hannunka. Kuma kada ka bar filin jirgi ba ka cike takardar rahoto ba. Na ga mutum ya bar jaka ta ɓata, ya wuce gida don 'yan tarba na jira da mota, bayan sati uku ya zo mini ko ɗan lamban nan da ake mannawa a bayan tikiti babu, wai yara sun yi wasa da shi. Me zan yi masa?

Rushewar kamfani ita ce mai ɗaci, don can ne ake gane cewa kamfani biyu ne. A Afirka ta Kudu, Comair ya tashi da sunan British Airways tun 1996, kuma shi ne mai kamfanin arahar nan kulula.com. Da ya rufe a watan Yuni na 2022, jirage masu tambarin British Airways na cikin ƙasar suka tsaya cak, na Landan kuwa suka ci gaba da tashi abinsu. Akasin haka ma ya faru a ƙasar: Airlink yana tashi ƙarƙashin inuwar South African Airways, da babban ya shiga matsalar bashi a ƙarshen 2019 sai kuɗin tikitin ƙaramin ya maƙale a hannunsa, har aka je kotu, a 2020 Airlink ya raba gari ya koma sayar da tikiti da lambarsa. To ka gani, wani lokaci mai jirgi ne ke faɗuwa, wani lokaci mai suna. Idan mai karɓar kuɗin ne ya faɗi, ka shiga layin masu bin bashi, kuma fasinja ba a gaba yake tsayawa ba. Wanda ya biya da kati yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin, wani lokaci a dace, wani lokaci a ce lokaci ya wuce.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi cin mutanenmu: tikiti biyu ba tikiti ɗaya ba ne. Idan ka sayi Sakkwato zuwa Abuja daban, Abuja zuwa waje daban, na farko ya makara ka rasa na biyu, babu mai ɗaukar maka asara ko da fentin jiragen iri ɗaya ne. Ko ka haɗa su a ciniki ɗaya idan ana iya haɗawa, ko ka kwana Abuja. Kuɗin masauki bai kai kuɗin sabon tikitin Jidda ba.

Akwai irin wannan a Najeriya?

Abin da ya fi kusa shi ne Virgin Nigeria, da ya fara tashi a 2005: kashi 51 na 'yan Najeriya, 49 na Virgin Atlantic, suna kuma na Virgin. Aka samu saɓani, har da rigimar wace tasha jiragen cikin gida za su riƙa tashi a Legas, Virgin ya janye sunansa. Kamfanin ya zama Nigerian Eagle a 2009, ya zama Air Nigeria a 2010, ya rufe a 2012.

Me ya sa namu ba sa yi?

A ganina, kowane mai kuɗi so yake a ga sunansa a wutsiyar jirgi, ko da jirage biyu gare shi. Ga kuma rashin yarda: wa zai bar kuɗin tikitinsa ya kwana a asusun wani? Sannan hayar jirgi da kayan gyara da inshora duk da dala ne, ciniki da naira, ribar ba ta kai a raba biyu ba.

Da za a yi, Sakkwato za ta amfana?

Ina jin haka, amma ba ta inda kuke zato ba. Abin da ke damunmu shi ne kusan duk inda za ka ta sama sai ka bi ta Abuja, ga hanyar Gusau da kowa ya san halin da take ciki. Jirgi mai kujera 70 da zai riƙa haɗa mu da Kano ko Kaduna, a tikiti ɗaya da babban kamfani, jakarka ta wuce kai tsaye, wannan zai yi amfani. Irin jirgin ma akwai shi a ƙasar, da ATR 72 kamfanin Green Africa ya fara aiki a 2021. Amma kada a ce da ni tikiti zai koma kuɗin mota. Ƙaramin jirgi kowace kujerarsa ta fi tsada wajen ɗawainiya, ga ladan suna a kai.

To Malam, tunda mun saba, ba za ka ɗan rage mini ba?

Ba ni ke sa farashi ba, Alhaji. Sayi da wuri, kuma ka turo sunan yadda yake a fasfo, ba yadda ake kiran ka a gida ba.