Waiwaye: Yadda Aka Fara Leƙa Cikin Fararen Ƙwayoyin Jini

Duk wanda ya taɓa matse maruru ya ga mugunya ta fito, to ya ga gawarwakin fararen ƙwayoyin jini da suka mutu wajen kokawa da bakteriya. Shekara fiye da ɗari ke nan masana na bin diddigin abin da ke sauyawa a cikin waɗannan ƙwayoyi tun daga sa'ar da suka yi arba da cuta.

Tushen maganar yana garin Messina na Italiya, a 1882. Wani masanin dabbobi daga Rasha, Elie Metchnikoff, ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku, wata halittar ruwa mai siffar tauraro, wanda ake hango cikinsa garau kamar gilashi. Da gari ya waye ya duba a madubin ƙara girma, sai ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar rubdugu. Da wannan ya kafa hujjar cewa jiki na da ƙwayoyin da ke haɗiye baƙo su narkar da shi. A shekarar ce kuma Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a Jamus.

Sai dai madubi siffa kawai yake nunawa. Ainihin aikin, furotin ne ke yinsa, wato ƙananan sinadaran da ƙwaya ke ƙerawa, kowanne da aikinsa: wani ya sansano baƙo, wani ya kai saƙo, wani ya narkar da abin da aka haɗiye. A da, ɗaya bayan ɗaya ake gano su, kuma kowanne sai ya ci wa mutum shekaru. A 1930 aka gano CRP, furotin da ke hauhawa a jinin masu ciwon huhu. A 1971 wasu masana biyu, Armstrong da Hart, suka nuna wani abu da har yau nake jinjina wa: ƙwayar tarin fuka tana bari farar ƙwayar jini ta haɗiye ta, sannan ta hana jakar da take ciki haɗuwa da jakar sinadaran narkarwa. Ta mayar da mai gadin ya zama gidanta ke nan, ta zauna tana hayayyafa.

Sauyin ya zo ne daga kayan aiki. A 1975 Patrick O'Farrell ya fito da hanyar baje furotin a kan faifai bisa nauyi da cajin lantarkin da kowanne ke ɗauke da shi, ya ware sama da 1,000 daga bakteriyar E. coli a gwaji guda. A 1994 Marc Wilkins ya raɗa wa ɗaukacin furotin ɗin ƙwaya suna, wato furotiyom. Na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin furotin ita ta ƙarasa aikin, har John Fenn da Koichi Tanaka suka samu Nobel a 2002. Yanzu akan raino fararen ƙwayoyi a kwano biyu, a zuba wa ɗaya bakteriya a bar ɗayan, sannan a kwatanta dubban furotin: wanne ya ƙaru, wanne ya ɓace, wanne aka liƙa masa fosfet, sinadarin da ke kunna ko kashe aikinsa, cikin mintuna.

Me ya haɗa mu da wannan a Jos? Zazzaɓi. Bara ƙanwata ta dawo daga wani ɗakin gwaji da 'yar takarda a hannu, ta ce: "Yaya, wai malariya da taifot ce." Gwajin Widal aka yi mata, wanda ya samo asali tun 1896, kuma yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa cutar tuntuni ya warke. Ta shanye kafso na kwana goma, zazzaɓin na nan. Abin ya ci mini rai, don irin wannan shan magani a makance ne ke sa bakteriya ta daina jin magani. In aka san furotin ɗin da jiki ke fitarwa idan bakteriya ce, saɓanin birus ko malariya, likita zai san wa zai ba maganin, wa zai hana.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, don haka marasa lafiyar da binciken ya shafa namu ne. Ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan kusa da mu tun 1924, ga Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta. Abin da aikin ke nema shi ne wutar da ba ta ƙiftawa, da firjin da ke riƙe samfur a digiri 80 ƙasa da sifili, domin furotin na fara lalacewa da zarar jinin ya ɗumama a kan teburi.