Kalmomin laƙabi da sunayen aro a harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi yana da kalmomi da dama da ake kiran sunan da mutum ke amsawa wanda ba shi ne sunansa na yanka ba, kuma ko da yake a maganar yau da kullum akan cuɗanya su, kowace tana da inda ta fi zama. Abubuwa biyu ne ke raba su: wanda ya raɗa sunan, wato ko mutumin ne ya zaɓa da kansa ko jama'a ne suka laƙaba masa, da kuma dalilin ɗaukarsa. Yawancin kalmomin aro ne daga Girkanci da Latin da Faransanci.

Kalmar da ta fi faɗi ita ce "pseudonym", wadda ta fito daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙarya da suna. Tana ɗaukar duk sunan da mutum ya ƙirƙira don ya ɓoye nasa, musamman a rubutu. A shekarun 1787 da 1788, Alexander Hamilton da James Madison da John Jay sun buga jerin maƙaloli a jaridun New York suna kare sabon tsarin mulkin Amurka, dukansu uku a ƙarƙashin suna ɗaya, Publius. Idan kuwa sunan wani mutum ne na gaske aka ara, akwai kalmar "allonym", amma ba kasafai ake jin ta a wajen littattafan masana ba.

"Alias" daga Latin take, inda take nufin "a wani lokaci" ko "ta wata fuskar", kuma ta shiga Ingilishi ne ta takardun shari'a, inda akan rubuta sunan mutum sannan a biyo da wani sunan da aka san shi da shi. Har yau tana ɗauke da warin kotu da ofishin 'yan sanda, domin da zarar an ce wani yana da "alias", abin da ke fara zuwa a rai shi ne mai laifi da ke yawo da sunan bogi. Gajartarwar "a.k.a.", wato "also known as" (wanda kuma aka sani da), tana yin irin wannan aiki ba tare da nauyin zargi ba.

"Nickname" ita ce mafi kusa da laƙabi ko inkiya a Hausa, kuma tarihinta ya fi na sauran ban sha'awa. Asalinta a Ingilishin tsakiyar zamani shi ne "ekename", wato ƙarin suna, domin "eke" tana nufin ƙari. Da yake ana faɗin "an ekename" a haɗe, sai masu magana suka riƙa jin harafin n kamar na sunan ne, har zuwa ƙarni na 15 aka wayi gari ana rubuta "nekename". Irin wannan kuskuren rabon kalma ne ya haifar da "newt", sunan wata ƙaramar halitta mai kama da ƙadangare, daga "an ewt". Shi "nickname" ba mai shi ne ke zaɓa ba, kuma yana iya zama na ƙauna ko na tsokana. 'Yar'uwarta "sobriquet", wadda aka aro daga Faransanci, ta fi zama a rubutun manya, kuma an fi amfani da ita ga kirarin da ya bi wani sananne, kamar "Iron Lady", wato matar ƙarfe, da wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyet ta laƙaba wa 'yar siyasar Birtaniya Margaret Thatcher a 1976 da nufin suka, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. "Moniker" kalma ce ta bakin titi da ta bayyana a ƙarni na 19, kuma tana nufin suna kowane iri.

Sai kalmomin da sana'a ta raba. Marubuci yana da "pen name", wato sunan alƙalami, ko "nom de plume", wadda duk da kamanninta na Faransanci a Ingila aka ƙera ta, domin a lokacin Faransawa "nom de guerre" suke cewa, sunan yaƙi, wanda asalinsa suna ne da ake ba sabon soja. A Ingilishin yanzu wannan ta biyun ta koma ga 'yan tawaye da 'yan juyin juya hali, kamar Vladimir Ulyanov da duniya ta sani da Lenin. Dalilan marubuta kuwa sun sha bamban. Mary Ann Evans ta ɗauki sunan namiji, George Eliot, a zamanin da ake raina rubutun mata, kamar yadda 'yan'uwa mata uku na gidan Brontë suka fito a 1846 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell, kowacce ta riƙe haruffan farko na sunanta. Samuel Clemens ya fara sa hannu da Mark Twain a 1863, kuma ya ɗauko shi ne daga kiran da ma'aikatan jiragen kogin Mississippi ke yi idan zurfin ruwa ya kai ƙafa 12.

Mawaƙa da 'yan wasa suna da "stage name", sunan dandamali, kuma a Birtaniya ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ba ta yarda mambobi biyu su yi aiki da suna ɗaya ba, abin da ya sa wasu suka canja nasu. A intanet kuwa "handle" ce ta yi kane-kane, kalmar da direbobin manyan motoci a Amurka suka yayata a shekarun 1970 ga sunayen da suke kiran juna da su a rediyon oba-oba.