Ƙona gawa da hanyoyin rufe mamaci masu sauƙi ga muhalli

Ƙona gawa hanya ce ta sallamar mamaci inda ake sa jikinsa cikin wuta mai tsananin zafi har ya rage ƙashi kawai, sannan a niƙa ƙashin a miƙa wa dangi. A Japan kusan kowa haka ake yi masa, fiye da kashi 99 cikin 100. A Ingila wajen mutum takwas ne cikin goma, a Amurka ma an haura rabi. A Damagaram da sauran ƙasar Hausa ba a san ta a al'ada ba, kuma Musulunci ya hana. Duk da haka batun ya shafe mu, domin ƴan uwanmu na rasuwa a ƙasashen da ake yin ta, kuma muhawarar da Turawa ke yi kan tsadar jana'iza da ɓarnar muhalli ta kai su ga neman wata hanya mai kama ƙwarai da yadda ake rufe mamaci a kushewun Zinder.

Yadda ake ƙonawa

Gidan ƙona gawa na zamani yana da tanderu da aka gina da tubalin da wuta ba ta ci, mai aiki da iskar gas ko lantarki. Zafinsa kan kai digiri 800 zuwa 1000, aikin kuma kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, gwargwadon girman jiki. Idan mamacin yana da ƴar na'urar da likitoci ke dasawa don daidaita bugun zuciya, dole a cire ta tukuna, don batirinta na fashewa a wuta. Abin da ake kira toka niƙaƙƙen ƙashi ne, kilo biyu zuwa uku ga babban mutum.

Mabiya addinin Hindu a Indiya da yawa har yanzu a fili suke ƙonawa, musamman a bakin kogin Ganga a birnin Baranasi. Gawa ɗaya kan ci itace kilo 400 zuwa 500. Duk wanda ya san yadda amalanken itacen girki ke shigowa Zinder daga nesa, da abin da uwargida ke biya kan ɗauri guda, ya san nauyin wannan lissafi.

Tarihi da matsayin addinai

Al'adar tsohuwa ce. Girkawa da Rumawa sun yi ta, sai ta ɓace a Turai bayan yaɗuwar Kiristanci. Likitoci ne suka farfaɗo da ita a ƙarni na 19, lokacin da maƙabartun manyan birane suka cika ana tsoron cututtuka. A 1874 likita Henry Thompson ya kafa ƙungiyar masu goyon bayan ƙona gawa a Ingila, a 1876 aka buɗe gidan ƙonawa a Milan ta Italiya, Faransa kuma ta halatta abin a dokar 1887. Cocin Katolika ya haramta wa mabiyansa a 1886, ya sassauta a 1963. A maƙwabciyarmu Najeriya, jihar Legas ta yi doka a 2013 da ta ba wanda ya so damar zaɓar hakan.

A Musulunci babu saɓani kan haramcin. Binne mamaci farilla ce da ke kan al'umma, wadda idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura. Suratu Abasa ta lissafa sanya mutum a kabari cikin ni'imomin Allah gare shi, Suratul Ma'ida kuma ta kawo labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe ɗan uwansa. Akwai kuma hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Yahudawa masu riƙo da addini su ma ba sa ƙonawa. Wuraren da hukuma ta tilasta abin sun ga sakamako mai ɗaci. A Laberiya lokacin cutar Ebola a 2014, umarnin ƙona gawawwaki a Monrobiya ya sa iyalai suka riƙa ɓoye marasa lafiya da matattu. Sri Lanka ta ƙona Musulmin da korona ta kashe daga 2020 har farkon 2021, kuma sai a 2024 gwamnati ta nemi afuwa.

Batun kuɗi

Babban abin da ya ja Turawa ga ƙonawa shi ne tsadar binnewa irin tasu. A Amurka ana zuƙe jinin gawa a ɗura mata maganin hana ruɓewa, a yi mata kwalliya, a sa ta cikin akwatin katako mai tsada ko na ƙarfe, sau da yawa a sake sa akwatin cikin wani ɗakin siminti a ƙarƙashin ƙasa. Ƙungiyar masu sana'ar jana'iza ta ƙasar ta ƙiyasta matsakaicin kuɗin wannan a dala 8,300 a 2023, ban da ɗakin simintin da filin kabari da dutsen da ake kafawa. Jana'izar da aka ƙare da ƙonawa ta tsaya a dala 6,280, ƙonawa kai tsaye ba taro kuwa ta fi haka araha nesa ba kusa ba. A Faransa doka ta wajabta akwati ko da ƙonawa za a yi, filin kabari kuma galibi haya ake yi na shekara 15, 30 ko 50. Jana'izar Yuro 4,000 ba abin mamaki ba ce a can, wato sama da sefa miliyan biyu da rabi. Wannan ne ya sa ƴan Afirka mazauna Turai ke kafa asusun taimakon juna, domin a samu fili a ɓangaren Musulmi na maƙabarta ko a mayar da gawa gida.

Ƙonawa ta rage kuɗi, amma ta zo da tata ɓarnar. Kowace gawa na sakin fiye da kilo ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, ga kuma gubar zaiba da ke tashi daga cikon haƙora.

Sababbin hanyoyi

Hanya ta farko ita ce narkarwa da ruwa. Ana sa gawa cikin tukunyar ƙarfe da ruwa da wani sinadari mai ƙarfi dangin kanwa, a zafafa zuwa wajen digiri 150 na awa huɗu zuwa shida, tsoka ta narke, a busar da ƙashi a niƙa. Makamashin da take ci bai kai na wuta ba. Ita aka yi wa Babban Bishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu bayan rasuwarsa a Disambar 2021. Ta biyu ita ce mayar da gawa taki, inda ake lulluɓe ta da ɓarzajjen itace da ciyawa a cikin wani mazubi mai shan iska har ta zama ƙasa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Jihar Washington ta Amurka ce ta fara halatta wannan a 2019, kuɗinsa kuma kan kai dala 7,000. Duka biyun ba su dace da shari'ar Musulunci ba, domin ana taɓa mutuncin jiki kuma ba a binne shi.

Ta uku ita ce mafi muhimmanci a gare mu. Turawa na kiranta binnewa ta ɗabi'a: babu maganin hana ruɓewa, babu siminti, babu ƙarfe, sai likkafani ko akwatin saƙa mai ruɓewa, kabari marar zurfi sosai, a dasa itace maimakon dutse. An buɗe maƙabarta irin wannan a Carlisle ta Ingila a 1993, Amurka ta bi sahu a 1998.

Yadda ake yi a Damagaram

Wanda ya taɓa raka gawa daga unguwar Birni ko Zango a Zinder ya riga ya ga wannan hanya, sai dai mu ibada muka ɗauke ta. Mutum ya cika da safe, kafin azahar ko la'asar an kai shi makwancinsa. Saurin nan shi ya raba mu da buƙatar sinadari da ɗakin sanyi, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Ana yin wanka da ruwa da ganyen magarya ko sabulu, a sa turare ko kafur, a naɗe da farin yadi. Makara ta masallaci ce ko ta unguwa, ana ɗauka a mayar. Masu haƙa sukan haƙa uwar kabari, sannan su tsaga ƴar a ciki daidai jikin mamaci, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Sai a jera itace ko tubali ko fasassun tukwane a bisa, a toshe ƙofofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tura ƙasa. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya fifita lahadu, wato a rarake gefen alƙibla, amma da sharaɗin ƙasa mai tauri ce da ba ta zubewa. Inda rairayi ya yi yawa tsagawar tsakiya ta fi aminci. Littafin ya kuma karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, hukuncin da ya zo daidai da abin da masu kare muhalli ke kira a kai yau.

Kuɗin suturar kanta kaɗan ne: yadi, turare, itace, da ɗan abin da za a ba masu haƙa in ba ƴan sa-kai ba ne. Sau da yawa ma wani maƙwabci ke biya ba tare da an san shi ba. Nauyin yana zuwa ne bayan an dawo daga kushewa. Hayar rumfa da kujeru, ciyar da masu gaisuwa, goro da dabino, sadakar uku da bakwai da arba'in, su ne ke cinye geron da ya kamata ya kai marayu damina. Malamai sun daɗe suna tunatarwa cewa sunna ita ce maƙwabta su dafa wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar.

Namu matsalolin na muhalli su ma suna nan. Itacen kabari ɗanye ake so mai ƙarfi, kuma kowane kabari na cin guntaye da dama, a yankin da manoma suka sha wahala wajen raya gawo a gonakinsu. Tubalin ƙasa na yin aikin ba tare da an sari ko reshe ba, kuma shi littattafan fiƙihu suka ambata. Sai batun fili. Zinder gari ne na duwatsu, ba ko'ina ake iya haƙa ba, kuma gidaje sun kewaye tsofaffin kushewun da a da suke bayan gari. Kushewar da ba ta da katanga takan zama hanyar dabbobi da wurin zuba shara, ruwan damina kuma ya zaizaye kaburbura. Masana lafiya na ba da shawarar a bar tazarar mita 200 zuwa 250 tsakanin maƙabarta da rijiyar sha, kada kuma gindin kabari ya kusanci ruwan ƙarƙashin ƙasa. A garin da ƙarancin ruwa ya zama tsohon ciwo, da tafkuna a tsakiyar unguwanni, wannan ma'auni ne da ya kamata ofishin magajin gari da masu unguwanni su riƙe a duk lokacin da za a yanka sabuwar kushewa, a kuma kewaye ta da bedi ko aduwa tun ranar farko, nesa kaɗan da layin kaburbura don kada saiwa ta shiga.