Jakar ƙarƙashin sirdi da kayan faci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk Asabar in mun tsaya shan ruwa a hanyar Wamakko, sai wani sabon mai keken tsere ya matso da tambayoyin nan. Jiya ma wani ya ce mini, "Malam, mi ka sawa cikin wagga jikka?" To ga su a rubuce, kowa ya huta.

Wace irin jaka zan saya?

Ƙarama, wadda ke ɗaurewa a ƙarafan sirdi da kuma sandarsa. In tana lilo ko tana gogar cinyarka, ajiye ta. Duba zif da kyau, shi ƙurar hunturu take fara kashewa.

Me zan zuba a ciki?

Sabon tiyub ɗaya, robobin ɓamɓare taya guda biyu, faci, sholisho, guntun samfefa, da makullin alanki, wato ɗan makulli mai kusurwa shida, na milimita 4 da na 5. Famfo ya zauna a jikin keke ko a aljihun riga. Tiyub ɗin ka cusa shi cikin tsohuwar safa, in ba haka ba makulli zai yi ta gogarsa har ya huje kafin ranar da za ka neme shi.

Sukuddireba ba za ta cire taya ba?

Za ta cire, ta kuma huda tiyub, ta karce gargare. Kada in gan ta a jakarka.

Ai masu faci sun cika gari, me ya sa zan wahala?

Sun cika gari, amma kai ba a gari kake tuƙi ba. Wuce Dange Shuni ka ga ko akwai mai faci a gindin kowace bishiya. Ko ka same shi, bawul ɗinka siriri ne, irin da ake kira Presta, injinsa kuma na bawul ɗin mota da babur ne. Akwai ɗan mahaɗi na ƙarfe da bai kai kan yatsa ba, ana murɗa shi a kan bawul don injin mai faci ya kama. Sayi biyu, ɗaya zai ɓata.

Kowane tiyub zai yi?

Haba. Karanta gefen tayarka, za ka ga girmanta, 700x25 ko 700x28, sai ka nemi tiyub daidai da shi. In gargarenka mai zurfi ne, nemi bawul mai tsawon milimita 60 ko 80, na 48 ba zai leƙo yadda famfo zai kama shi ba.

In taya ta sace a hanya, faci zan yi ko in canza tiyub?

Wannan kam sai an duba. Ni dai canzawa nake fara yi, in naɗe mai hujin in kawo gida in yi masa faci a inuwa. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ga gumi ga iska na watsa rairayi a kan sholisho, facin gefen titi ba kasafai yake kamawa ba. Amma in ka huje karo na biyu, dole ka yi. Goge wurin da samfefa, shafa sholisho kaɗan fiye da faɗin facin, ka jira kamar minti 5 har ƙyallinsa ya dushe, sannan ka manna ka danne sosai. Masu gaggawa suna mannawa yana jiƙe, su dawo suna zagin facin. Facin sitika marar sholisho yakan kai mutum gida, wasu ma sun ce yana daɗe musu, ni dai a kan kwalta mai zafi ya ɓare mini sau biyu. Sholishon da aka taɓa buɗewa kuma bushewa yake yi a jaka, ka riƙa matsa shi duk wata.

Ko wanne ka zaɓa, bi cikin tayar da yatsa a hankali tukuna. Ƙayar tsidau takan karye ta bar tsininta a ciki. Na taɓa sa sabon tiyub kusa da Boɗinga ban duba ba, ban yi nisan jifa ba ya sace, na tura keke da takalmin tsere ina ɗingishi kamar agwagwa. In kuma huji biyu ka gani kusa da juna, ba ƙaya ba ce, rami ka faɗa da ƙarancin iska, gargare ya datse tiyub. In tayar kanta ta tsage, ninka takardar naira 20 ko 50, irin ta leda, ka shimfiɗa ta ciki a kan tsagar. Za ta kai ka gida, ba za ta kai ka mako ba.

Kwalbar iskar CO2 fa, ƙaramar nan ta ƙarfe da ake cika taya da ita maimakon famfo?

Mai giram 16 tana cika taya ɗaya nan take, tana kuma ƙone yatsa da sanyi. In ka kuskure sa ta, ta tafi ke nan. Iskarta ma saurin zurarewa take yi, washegari sai ka sake bugawa. Riƙe famfonka.

Ban taɓa cire taya ba, zan iya kuwa?

Za ka iya, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Yau bayan la'asar cire ta baya a tsakar gida, ka mayar, sau uku. Ta baya na ce, mai sarƙa.