Sanƙarau a ɗakunan kwanan ɗalibai: yadda aka zo nan

Tun watan Maris na 2025, lokacin da labari ya fito daga Aliero cewa cutar sanƙarau ta yi ajalin wasu ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi, ake ta ja-in-ja kan abin da ya kamata jami'a ta yi idan cuta mai yaɗuwa ta shiga ɗakunan kwana. A makonnin ne aka sanar da rasuwar mutum 26 a yankunan Gwandu, Jega da Aliero. Shekara guda kafin nan, wasu makarantun kwana na sakandare a yankin Potiskum da Fika na Jihar Yobe sun ɗanɗana irin wannan baƙin ciki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

Masu cewa a rufe makaranta nan take suna da hujja. Masu cewa sallamar ɗalibai watsa ƙwayar cutar ce zuwa garuruwa ɗari su ma suna da tasu. Akwai masu ɗora laifin kan cunkoso, akwai masu cewa zafi ne, musamman da abin ya faɗo cikin azumi. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa yana magana kamar cutar daga sama ta faɗo.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ce. An rubuta labarin babbar annobarta a arewacin Najeriya tun 1905. A 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da take yi wa ɗauki-ɗai-ɗai, wanda daga baya aka gane ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. A shekarun 1970, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da duniya ta koyi halin cutar: yadda take tasowa da hunturu, ta yi ƙamari a bazara, ta lafa da saukar damina. A 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2009 ta sake dawowa da ƙarfi. Duk waɗannan manyan annoba na baya-bayan nan, nau'i ɗaya ne na ƙwayar cutar ya haddasa su, wanda likitoci ke kira nau'in A.

Zafi shi kaɗai ba ya kawo sanƙarau. Ƙwayar cuta ce da ke zaune a maƙogwaro da bayan hanci, kuma mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau, bai sani ba. Matasa sun fi kowa ɗaukarta. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙeƙasa maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami kafar shiga jini, ta haura zuwa fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Tana tafiya ne ta tari da atishawa da numfashin mutanen da ke kwana kusa da juna. To a duba ɗakin da aka gina don mutum huɗu amma takwas ke kwana a ciki, kowa daga garinsu, an rufe taga saboda sauro ko ƙura, kofi ɗaya a bakin randa ko jarka. Wannan duk an sani, kuma an sha faɗa. Cunkoson nan ya girmi yawancin ɗaliban yanzu, don haka ba shi kaɗai zai bayyana abin da ya sauya ba.

Abin da ya sauya ya faru ne a ƙarshen 2011, kuma abin alheri ne, shi ya sa ba a cika waiwayarsa ba.

Kafin lokacin, allurar rigakafin da ake da ita ba ta daɗewa a jiki, shekara uku ne ko kusa da haka, ba ta yi wa jarirai aiki sosai, kuma ba ta hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ya ba wani. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake fito da ita. Sai aka ƙera sabuwa mai suna MenAfriVac, musamman don Afirka, a farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. An fara ta a Burkina Faso a Disamba 2010, tare da Mali da Nijar. Najeriya ta shiga a Disamba 2011, aka bi jihohin arewa rukuni-rukuni har zuwa 2014, ana yi wa duk wanda ke tsakanin shekara 1 zuwa 29. Aka shiga makarantu da kasuwanni da ƙofar gidajen masu unguwanni. Kuma ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Cikin 'yan shekaru nau'in A, wanda ya addabi kakanninmu, ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Duk wanda ya ga 1996 da idonsa ya san girman wannan ni'ima.

Amma nau'in A kaɗai allurar take karewa. Wannan bayani yana rubuce a takardun ma'aikatan lafiya, sai dai bai iso kunnen jama'a ba. Abin da uwa ta ji shi ne an yi wa ɗanta allurar sanƙarau. Abin da malamin makaranta ya ji ke nan, abin da yaron kansa ya riƙe ke nan. A bakin mutane sanƙarau ɗaya ce, allurarta ma ɗaya ce, an yi an gama.

Yanzu a yi lissafi. Ɗalibin da ke da shekara 20 a 2025, an haife shi a 2005. Lokacin da masu allura suka zo garinsu yana tsakanin shekara 6 zuwa 9. Wato ɗaliban da suka cika ɗakunan kwanan jami'o'in arewa a yau su ne ainihin yaran wancan gangami. Sun taso ba su taɓa ganin annobar da iyayensu ke ba da labari ba, kuma sun yi imani suna da kariya. Idan ɗayansu ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a watan Maris, abokan ɗakinsa zazzaɓin cizon sauro za su fara kawowa a rai, ko taifot. A sayo magani a kemis, a ce ya kwanta zuwa safe. Sanƙarau kuwa tana iya kashe mutum cikin kwana guda. Ko an kai asibiti, kusan ɗaya cikin goma ba ya tashi, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu rasa ji ko su kamu da farfaɗiya.

Ana cikin murnar nasarar ne wani nau'in ya ɓullo. A 2013 aka fara ganin wani sabon iri na nau'in C a Jihar Sakkwato, sannan Kebbi. A 2015 ya afka wa Nijar, ya kama mutum sama da 8,000, har aka rufe makarantun Yamai na 'yan kwanaki. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya mamaye Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu: mutum sama da 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A 2023 sai ga shi a Damagaram da Jigawa, ƙauyukan da iyaka ce kawai ta raba. Ya kamata a faɗi wani abu a nan ƙarara, domin mun san yadda jita-jita kan allura ke saurin kama wuta a ƙasarmu: binciken da aka yi ya nuna wannan sabon iri ne na ƙwayar da ya samo asali da kansa. Ba allurar 2011 ce ta haife shi ba. Ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Mu ne muka ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Da nau'in C ya zo, sai aka koma tsohon tsarin jiran ɓarkewa. Ga yadda yake tafiya. Sai an ga adadin masu kamuwa ya kai wani mizani, kamar mutum 10 cikin 100,000 a mako guda. Sai a ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya a kai ɗakin gwaji don a san nau'in. Sai a aika buƙata zuwa rumbun ajiyar allurar gaggawa na duniya, wanda aka kafa a 1997 bayan annobar 1996. Sai a turo, a rarraba, a yi wa mutane, sannan jiki ya ɗauki kusan kwana goma kafin ya sami kariya. A 2017 kason farko da ya iso allura 500,000 ne, ga jihohi masu miliyoyin mutane. Ga gari, wannan tsari yana rage asara. Ga ɗakin kwanan ɗalibai, inda cutar ke gama zagayenta cikin mako biyu ko uku, ya yi nawa ƙwarai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma giɓin shekaru. Rigakafi a ƙasarmu, a tsari da kuma a tunanin jama'a, harkar jarirai ce da mata masu juna biyu. Ko da aka sa allurar nau'in A cikin jerin na yau da kullum a 2019, jarirai aka nufa. Saurayi ko budurwa mai shekara 18 ba ya cikin lissafin kowa, alhali shi ne zai bar gida ya shiga ɗaki da baƙi bakwai. Gwajin lafiyar da ake yi wa sababbin ɗalibai ya fi karkata ga hoton ƙirji, rukunin jini, gwajin sikila da na fitsari. Duk suna da amfani. Amma tambayar wace allurar sanƙarau aka yi maka, ta wane nau'i, a wace shekara, ba kasafai ake jin ta ba. Mun kuwa saba da irin wannan tambaya a wani wurin. Tun bayan ɓarkewar nau'in W a aikin Hajjin 2000 da 2001, ba maniyyacin da ke shiga Saudiyya sai da shaidar allurar da ke kare nau'i huɗu, kuma alhazanmu suna miƙa hannu ba gardama. Ingila ma tun 2015 take yi wa sababbin ɗaliban jami'a irin wannan allura.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, wadda ke kare nau'i biyar a allura ɗaya: A, C, W, Y da X. Wannan ita ce amsar giɓin da aka bari tun 2011. Sai dai kason farko daga rumbun gaggawa ya fito, aka kai shi inda cutar ta riga ta ɓarke. Muddin ta wannan ƙofa kaɗai take shigowa, ɗalibi zai same ta ne bayan an yi jana'izar wani a ɗakin da ke kusa da nasa.

Su ma masu gardamar a rufe ko kada a rufe, akwai abin da ya kamata su sani daga Madarunfa ta Jihar Maraɗi. Lokacin annobar 2017 an yi gwaji a ƙauyukan yankin. Inda aka ba 'yan gidan mara lafiya kaɗai ƙwayar maganin ciprofloxacin, ba a ga wani bambanci ba. Inda aka ba ƙauyen baki ɗaya ƙwaya guda cikin kwanakin farko, masu kamuwa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan hukunci ne na likitoci, ba abin da ɗalibi zai je kemis ya yi wa kansa ba, domin yawan shan irin wannan magani barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Amma ya nuna akwai mataki tsakanin zura ido da kulle ƙofar makaranta, kuma ginin kwanan ɗalibai ya fi ƙauye sauƙin ƙidaya: akwai rajista, akwai lambar ɗaki, ana iya gama rabon cikin yini ɗaya idan an shirya tun kafin lokacin.

Ita cutar ba ta sauya kalandarta. Daga Disamba zuwa Yuni take aiki, ta fi tsanani a Maris da Afrilu. Jami'ar da ke son ɗalibanta su shiga bazara da kariya tana buƙatar allurar ta kasance a teburin rajista kafin hunturu ya kama, ma'aikatan kilinik su sami ceftriaxone, allurar da ake yi wa wanda ya kamu, a ajiye da motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti cikin dare, kuma a gaya wa kowane sabon ɗalibi, da Hausa da Turanci, cewa allurar da aka yi masa yana firamare ta nau'in A ce kaɗai.