Waiwaye: masu famfon baclofen da maganin lantarki na laka

Tun da aka amince a Amurka, a ƙarshen 2024, da na'urar da ke aika lantarki cikin lakar ƙashin baya ta saman fatar wuya don ƙarfafa hannun waɗanda suka samu rauni a laka, akwai tambaya kan waɗanda aka dasa wa famfon baclofen, maganin sassauta sanƙarewar tsoka, a jiki: a yi musu wannan magani na lantarki, ko a bar su? Wannan tambaya ta daɗe tana jiran amsa.

Farkon labarin sananne ne. A 1967 likitan tiyata Norman Shealy ya fara dasa na'urar lantarki a kan laka don rage ciwo. A 2011 aka ba da rahoton cewa a Louisville ta Amurka wani matashi da ƙafafunsa suka shanye ya miƙe tsaye da taimakon lantarki, a 2018 kuma wasu masu irin wannan rauni suka taka a Lausanne ta Switzerland.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a ɓangaren famfon. Tun 1984 masu bincike Penn da Kroin suka nuna a Chicago cewa zuba baclofen kai tsaye cikin ruwan laka yana sassauta sanƙarewar tsoka. Ana dasa famfon ƙarƙashin fatar ciki, siririn bututu ya zagaya zuwa baya, a riƙa cika shi da allura bayan 'yan watanni. Jiki kuwa yana sabawa. Idan maganin ya yanke farat ɗaya, sai ƙaiƙayi, zazzaɓi mai zafi, ruɗewa, tsoka ta ƙame har ta fara lalacewa, wani lokaci rai ya salwanta. A 2002 aka ƙara gargaɗi mafi tsauri a takardar maganin. Ga shi an san maganaɗisun na'urar MRI yana tsayar da injin famfon na ɗan lokaci.

Daga nan duk abin da zai kusanci famfon da lantarki ya zama abin tsoro, kuma tsoron yana da hujja. Sai dai gwaje-gwaje da yawa suka riƙa cire masu na'ura a jiki tun daga ƙofa. Abin da ke damuna ke nan: waɗanda tsokarsu ta fi sanƙarewa, suka fi buƙatar taimako, su ne aka fi ƙarancin bayani a kansu.

Yanzu likita yana son sanin nisan da ya dace tsakanin famfon da inda ake manna wayoyin na'urar lantarkin, da ko sai an duba famfon bayan kowane zaman jinya. Amsar tana wurin marasa lafiyar da aka daɗe ba a auna ba.